Ko Ka Sani? Abin da Dokin Yaƙi Ke Ci Kafin Ya Isa Fagen Fama

Ko ka san cewa doki ba ya tuƙa, ba ya kuma iya yin amai? Tumbinsa ƙarami ne idan aka dubi girman jikinsa, bai cika wuce lita 15 ba. Saboda haka ba ya cika ciki lokaci guda ya kwanta kamar saniya. Sai dai ya yi ta tsinka kaɗan-kaɗan, kuma idan aka sake shi a makiyaya yakan shafe fiye da rabin yini da dare kansa na ƙasa. Wannan halittar cikinsa ta taka rawa a yaƙe-yaƙen ƙasar Kabi da Gwandu fiye da yadda masu ba da labari ke faɗa.

Samarinmu masu wasan dabarun yaƙi a kwamfuta sun san wani ɓangare na lissafin. A wasan Age of Empires II, wanda ya fito a 1999, barde guda yana cin maka abinci 60 da zinariya 75, ɗan baka kuwa itace 25 da zinariya 45. Sai ka auna: barade kaɗan masu tsada, ko 'yan baka masu yawa? Amma wasan ya yi wa mai wasa rangwame babba. Da zarar ka biya, dokinka ya gama ci ke nan har ya mutu. Sarakunan dā ba su sami wannan sauƙin ba.

Ingarma mai nauyin kilo 350 yana buƙatar wajen kilo 7 zuwa 9 na busasshen abinci kullum, da ruwa lita 20 zuwa 40, ko fiye in rana ta take. In aiki yake yi, ciyawa kaɗai ba ta riƙe shi. Sai an haɗa masa da harawa da dusa da dawa ko gero, a jiƙa masa kanwa lokaci-lokaci. Duk wanda ya taɓa sayen damin harawa a Jega ko Aliero ko Maiyama a tsakiyar bazara ya san abin da ake nufi. Hatsin da ake zuba wa doki ɗaya a rana zai ciyar da mutane da dama. Ga yaron da ke yanko ciyawa, ga mai share barga, ga mai kai shi ruwa, kowannensu da nasa cikin.

Ɗan lifidi kuwa ya fi kowa tsada. Lifidi rigar kariya ce da ake ɗinkawa a cusa mata auduga, a lulluɓe doki da mahayinsa, a ɗora kwalkwali a ka. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wajen shekarar 1400, shi ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Kibiya ba ta saurin huda shi, amma nauyinsa da zafinsa kan gajiyar da doki da wuri, kuma wuta abokiyar gabarsa ce. Dole a nemi babban doki, irin wanda ake kawowa daga Barno ko Azbin. Abin baƙin ciki, sau da yawa da bayi ake biyan kuɗin waɗannan dawaki, sannan a hau su a je a kamo wasu bayin. Ba a son tuna wannan idan ana kallon hawan salla, amma yana cikin lissafin.

To, duk da wannan tsada, doki yana ba da nasara? Ya danganta da inda aka kai shi. Dubi abin da ya faru cikin shekara biyu kacal.

Rikicin Gobir da jama'ar Shehu Usmanu ya taso ne daga Gimbana, nan kusa da Jega, garin Malam Abdussalami, wanda rundunar Gobir ta afka wa. Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. A watan Yuni aka haɗu a Tabkin Kwatto. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifidi wajen ɗari da tarin barade, jama'ar Shehu kuwa, ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu ba su wuce ashirin ba. 'Yan baka ne ƙarfinsu. Suka dake wuri guda, suka yi ta ruwan kibau har baraden Gobir suka watse. Ɗan baka da 'yar jakar garinsa da gorar ruwa ya isa yaƙi, kuma ko kibiyarsa ba ta kai ga mahayi ba, in ta sami doki a inda lifidi bai rufe ba, dafi ya gama aiki.

Wanda ya tsaya nan zai ce baka ya fi doki. Sai dai a ƙarshen wannan shekarar aka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, yunwa kuma ta tilasta musu barin ƙasar Gobir zuwa Zamfara. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 1805 suka ci Birnin Kebbi, suka zauna Gwandu. Kafin shekarar ta ƙare, Gobirawa da Kabawa da Azbinawa suka haɗa kai suka nufo su. Zaɓi biyu ne a gabansu: a tsaya a gida a jira, ko a fita a tare su. Aka fita. A Alwasa, fili ya ba dawaki da raƙuma damar sukuwa, aka kashe wa jama'ar Shehu mutum wajen dubu. Waɗanda suka tsira suka ja da baya zuwa Gwandu, wadda a lokacin ko ganuwa ba ta da ita. Can kuma duwatsu da tuddai suka hana barade sakewa, 'yan baka suka sami mafaka, rundunar da ta yi nasara kwanaki kaɗan baya ta juya. Mutanen nan ɗaya ne, makamansu ba su canza ba. Ƙasar da aka taka ce ta bambanta.

A ganina wannan ne ya sa yaƙin dā yake da kakarsa kamar noma. Ana fita ne bayan an yi girbi, rumbuna sun cika, ga kara da harawa a gonaki, gulabe sun janye, ƙasa ta bushe. Da damina, talakan da zai bi runduna yana gona, kofato kuma na nutsewa a laka. In aka gangara kudu cikin duhuwar bakin ruwa, ƙudan tsando na jira da ciwon sammore, wanda ke rame doki har ya faɗi ba tare da an harba kibiya ko ɗaya ba.

Jega kanta, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a gaɓar gulbin Zamfara wajen 1820, ta girma ne a tsakiyar wannan hali, kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin manya a daular Sakkwato. Jama'ar Shehu da suka yi nasara kuma ba su zauna a 'yan baka ba. Da suka sami ƙasa da rumbuna, su ma suka cika bargoginsu da dawaki. Sai reshe ya juye da mujiya. Kabawa suka sake tayar da kai a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, suka kafe a Argungu, ga ganuwa, ga faffaɗar fadamar gulbin Kabi mai shan ruwa watanni. Sakkwato da Gwandu sun yi ta kai hari shekara da shekaru, amma har Turawa suka iso a farkon ƙarni na 20 ba su ci garin ba.