Darasi na goma sha huɗu: Ruwa mai tsarki da ruwa mai lafiya

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana ta watan Ramadan, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi na Gangara da kewaye, da masu saurarenmu na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, maza da mata, darasinmu na yau a kan ruwa ne, da binciken da masana lafiya suke yi a kan abin da muke sha da abin da muke taɓawa. Babu watan da mutum yake sanin darajar ruwa kamar wannan, domin wanda ya wuni da ƙishirwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ishmawi ko Iziyya ko Risala ya san a babin tsarki akwai bayanin ruwa. An karantar da mu cewa ana duba siffofi uku, launi da ɗanɗano da ƙamshi. Matuƙar ɗayansu bai sāke ba, ruwan mai tsarki ne, mai tsarkakewa, a yi alwala da shi, a yi wanka. Kai, ko da ya sāke, in dai da abin da yake zaune a mazauninsa ne, kamar laka ko gishirin ƙasa, malamanmu na Malikiyya ba su hana ibada da shi ba. Wannan hukunci daidai yake, kuma sauƙi ne daga Ubangiji. Amma fa amsar tambaya guda ce, wato ko ruwan ya inganta a yi ibada da shi. Ko ya dace a shayar da yaro shi shekara goma, wannan wata tambaya ce dabam, ido da harshe da hanci ba su isa su amsa ta ba. Mutanen Tsibirin Gobir sun san haka, kuma da tsada suka sani.

Tsibiri na cikin gundumar Gidan Rumji, dab da Maraɗi. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin ruwa na gwamnati ya fara ba garin ruwa daga wata rijiya mai zurfi ta burtsatse. Jama'a suka yi murna, kuma sun cancanci yin murna, domin ruwa ne garau, ba laka, ba wari. Aka yi ta sha wajen shekara goma sha biyar. Sannu a hankali yaran da aka haifa a cikin waɗannan shekaru suka fara nuna wasu alamu: haƙora suna yin ja-ja ko ruwan ƙasa, ƙafafu suna lanƙwashewa, wasu gwame wasu bakan gizo, kan wasu yana girma fiye da ƙima, ga ciwon gaɓoɓi, ga ƙashi mai saurin karyewa. Iyaye suka yi ta neman magani. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu, wani ya ce gado ne daga dangin uwa. Allah kaɗai ya san matan da aka zarga a banza.

Sai wajen shekarar 2000 magana ta fito fili, bayan an ɗebi ruwan an auna shi. Aka tarar yana ɗauke da wani sinadari da ake kira fuluwor, wanda yake narkewa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan daga cikinsa amfani gare shi, yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake zuba shi a man goge baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka cewa kada ya wuce miligiram 1.5 a cikin lita guda. Na Tsibiri ya ninka wannan iyaka fiye da sau uku. Yara ɗaruruwa suka nakasa, waɗanda haƙoransu suka ɓaci kuwa sun fi haka nesa. Aka daina shayar da garin daga wannan rijiya, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam na gida da na waje suka ɗauki maganar, har aka wallafa rahoto a kanta a 2002. Amma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe, rufe rijiya ba ya miƙar da shi.

Me ya sa yara suka fi cutuwa alhali gida ɗaya ake sha? Masana sun bayyana cewa ƙashin yaro da haƙoransa suna cikin ginuwa, duk abin da ya shiga jikinsa da shi ake ginin. Ga zafin ƙasarmu da yake sa a sha ruwa da yawa. Ga kuma ƙarancin madara da sauran abincin da ke gina ƙashi, wanda yake ƙara wa abin muni. A nan akwai abin da muke so mata su riƙe da kyau. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, haka ma ƙwayar nan da ake jefawa a tulu, tacewa da ƙyalle kuma tana tsare datti. Amma babu ɗayansu da yake fitar da fuluwor. Tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi, domin ruwan ne yake tashi ya bar shi a tukunya.

Kada wani ya ji wannan ya ce to daga yau ya bar famfo ya koma tafki. Wannan gudun gara ne a faɗa wa zago. Mu da muka manyanta mun ga zamanin kurkunu, lokacin da magidanci yake kwance da damina gonarsa tana cin ciyawa. Da tace ruwa da gina rijiyoyi aka rabu da ita, har a 2013 aka tabbatar wa Nijar cewa ta kuɓuta. Kuma ba mu manta kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa a 2018 ba. Mafi yawan famfunanmu rahama ne. Abin da muke cewa shi ne a auna.

Irin wannan ya faru ga maƙwabtanmu na Zamfara a Nijeriya, sai dai nasu ta ƙasa ya zo. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da amai da ciwon ciki da sanƙamewa. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi aiki ba. Da aka auna jininsu sai ga gubar dalma. Ashe dutsen zinariya ne da maza suke kawowa gida a daka a niƙa, ƙurarsa ta bi tsakar gida, yaro ya yi rarrafe ya kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai aka yi musu magani, kuma sai da aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da Bagega da wasu ƙauyuka aka zuba sabuwa. Dalma ko ba ta kashe ba tana taɓa ƙwaƙwalwa, kiyaye hankali kuwa yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Muna faɗin wannan ne saboda samarinmu da suke tafiya haƙar zinariya, tun daga Jado har wadda ta bayyana a yankin Ɗan Isa a 2021. Dutse da ƙurarsa da zaibar da ake kama zinariya da ita, a bar su can. Kada a daka su a turmin hatsi, kada a shigo ɗakin yara da tufafin aiki.

Wani zai ce, malam, ai duk ƙaddara ce. Gaskiya ne, babu abin da yake fita daga ikon Allah. Amma Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya nufi Sham ya ji labarin annoba a hanya, shawara ya yi da sahabbai, sannan ya juya da jama'arsa, kuma ya nuna wa masu ja da shi cewa komawar ma tana cikin ƙaddara. Wanda ya auna ruwan rijiya bai yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba, sababi ya riƙa.

To, yaya masu bincike suke gane gaskiya? Hanyarsu ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin ilimi. Malaman hadisi ba sa karɓar labari don ya yi daɗin ji, sai sun bi masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, sun gwada wannan ruwaya da waccan. Haka mai binciken lafiya ba ya yarda da cewa wane ya sha ya warke, domin wataƙila da ma zai warke. Sai ya ƙirga, ya kwatanta.

Ga misali daga jiharmu. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira rota, mai sa jarirai gudawa mai tsanani har ruwan jikinsu ya ƙare. Akwai rigakafinta, amma yana bukatar sanyi, mu kuwa mun san halin wutar lantarki a karkara. Wani kamfani a Indiya ya haɗa wani iri mai jure zafi, sunansa Rotasiil. Daga 2014 cibiyar bincike ta Epicentre da ke Maraɗi, tare da MSF da ma'aikatar lafiya, suka gwada shi a gundumar Madarunfa. Jarirai wajen 3,500 aka kasa kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, ƙuri'a kuwa abu ne da shari'a ta sani a wurin da ake gudun son kai. Kashi ɗaya aka ɗiga musu rigakafin a baki sau uku, ɗaya kashin aka ɗiga musu abin da ya yi kama da shi amma babu maganin a ciki. Uwa ba ta san wanne ɗanta ya samu ba, mai ɗigawar ma bai sani ba, don kada zato ya shiga cikin shaida. Aka yi ta bin yaran gida-gida. Da aka zo lissafi, mummunar gudawar rota ta kama 31 a cikin waɗanda suka samu rigakafin, ta kama 87 a ɗaya ɓangaren. Wato ya kare kimanin biyu daga cikin uku. An bayyana sakamakon a 2017, a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Matan karkarar Madarunfa da suka riƙa goya jarirai zuwa gidan likita, yau yaran wasu ƙasashe suna cin amfanin haƙurinsu, muna kuma yi musu fatan lada mai gudana.

Sai dai ba za mu ce muku ku miƙa ƴaƴanku ga duk wanda ya zo da farar riga ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a cikin binciken da ya haɗa yara wajen 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, sannan aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Zargin da wannan ya shuka yana cikin abin da ya sa aka ƙi rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake yaɗuwa har ta ƙetaro iyaka. Cin amana guda ya jawo wa yaran da ba su ji ba su gani ba.

Saboda haka idan masu bincike suka zo gari, haƙƙinku ne ku tambaya, kuma tambaya ba rashin kunya ba ce. Wa ya aiko su, kuma ma'aikatar lafiya da kwamitin ƙasa mai duba irin wannan aiki a Yamai sun ba da izini? Me za a ba yaro, me za a ɗiba daga jikinsa, ina za a kai shi? In wani abu ya same shi, wa zai ɗauki nauyi? A yi muku bayani da Hausa, a gaban shaida, kafin a dangwala yatsa a takarda. Ku sani yardar maigari ba ta maye gurbin yardar uba da uwa, kuma wanda ya ƙi, ko ya shiga ya fasa, ba a hana ɗansa magani. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In kuwa kun gamsu kun shiga, to ku cika alkawari, ku faɗi gaskiya in an tambaye ku, domin wanda ya ce ya ba yaro magani alhali ya zubar, ya yi shaidar zur a kan lafiyar dubban yara.

Saura abin da yake hannunmu a gida. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ba ta komawa ta ruwa ko ta mai, ko sau nawa aka wanke ta, kuma mai sayar da ruwan sanyi ko kunu da maraicen azumi ya ji tsoron Allah a kan wannan. Ƙwayar da ake sa wa wake don kashe ƙwari, iskar da take fitarwa guba ce, kada a ajiye buhun a ɗakin da ake kwana. Ga buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa, yana tsare wake ba tare da magani ba. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna kada a ce a ba yara ko a tatsi mai, domin gubarsu hanta take ci.

Game da ruwa kuwa, muna kira ga kwamitocin famfo da masu unguwanni da limamai. Duk sabuwar rijiyar da aka gina, ko ta gwamnati ce ko ta ƙungiya ko ta wani bawan Allah da ya yi sadaka, a nemi takardar awon ruwanta daga ma'aikatar ruwa, a tabbata an duba fuluwor a ciki, a ajiye takardar a wurin da kowa zai iya gani. Mai gina rijiya don Allah ya sa kuɗin awo a cikin lissafinsa tun farko. Malaman allo da na boko su riƙa duban bakin ɗalibansu. Yaro ɗaya mai jan haƙori ba hujja ba ne, amma in aka ga yara da yawa masu shan famfo ɗaya da haƙora iri ɗaya, ko ƙafafu suna karkacewa, a kai maganar gidan likita da ofishin magajin gari a cikin makon nan, a rubuta sunan famfon da shekarun yaran, a kuma koma a tambayi amsa.

Gobe in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan azumin mai ciwon sukari da mace mai shayarwa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.