Sayen Gida a Landan Ba Ya Ba Ka Izinin Zama

Wata magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a wuraren ɗaurin aure da zaurukan WhatsApp: wai mai kuɗi da zarar ya sayi gida a Landan ko Dubai, shi ke nan ya zama ɗan ƙasa, har fasfo za a miƙo masa. Dillalai ne ke rura ta, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda la'adarsu a cinikin gidan take. Ko ka sami biza ko ba ka samu ba, su dai sun ci nasu.

Gaskiya ne akwai ƙasashen da ke barin baƙo ya zauna ba tare da aiki ba, muddin zai iya riƙe kansa. Amma gida kaɗai ba ya wadatarwa a yawancinsu. Ko layi guda ka saye a Landan, da bizar ziyara za ka shiga, kafin wata shida ka tattara ka fito. Bizar masu zuba jarin fam miliyan 2 ma Ingila ta rufe ta tun Fabrairun 2022. Fotugal ta cire sayen gida daga tsarinta na bizar masu zuba jari a Oktoban 2023, bayan 'yan ƙasa sun yi ta kukan tsadar haya. Sifaniya, wadda a da take ba da izinin zama ga wanda ya sayi gidan yuro 500,000, ta soke tsarin a Afrilun 2025. A Dubai kam gidan dirhami miliyan 2 yana kawo izinin shekara 10, amma sabuntawa ake yi, kuma fasfonka na gida shi ne fasfonka. Duk da haka sai ka ga dattijo mai hankali ya sayar da gonar gado saboda hoton bene da aka turo masa a waya. Haba!

Abin da Turai ke nema yanzu shi ne kuɗin da ke shigo maka duk wata kana zaune: fansho, haya, ribar hannun jari. Bizar D7 ta Fotugal tana so ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar, yuro 870 a wata a 2025, da ƙarin rabin haka saboda mata. Sifaniya tana neman yuro 2,400 a wata, da 600 kan kowane mutum da ka ɗauko, sannan ta hana ka aiki. Mai burin ƙare rayuwa a Saudiyya kuwa, tun 2019 akwai igama ta musamman marar kafili: riyal 800,000 ta dindindin, ko 100,000 duk shekara. Maƙalewa bayan Umara ba hanya ba ce, ƙarshenta tara da kora.

In da gaske kake, fara da lissafi da kuɗin ƙasar da za ka je. Wanda hayarsa ke shigowa da naira ya tuna dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 tsakanin 2023 da 2024. 'Yan Nijar sun fi sauƙi a nan, don sefa a ɗaure take da yuro. Hayar da yaronka ke karɓa hannu da hannu, ba rasit, ba ta da wani amfani a ofishin jakadanci. A rubuta yarjejeniya, kuɗin su riƙa bi ta banki wata da watanni kafin ka nemi biza. Kada ka ranto kuɗi ka zuba a asusu ana gobe za ka kai takardu, sun san wannan dabarar sarai. Tanadi inshorar lafiya da takardar 'yan sanda ta shaidar rashin laifi. Mai mata fiye da ɗaya ya sani cewa mace ɗaya kawai dokar Turai take barin ya ɗauko. Sannan duk wanda ya wuce kwana 183 a shekara a Sifaniya ko Fotugal ya shiga hannun masu haraji, har a kan kuɗin da ke zuwa masa daga Kano. Ka tambayi lauyan ƙasar nawa za su cira kafin ka sa hannu a komai.