Zane Ma Jari Ne: Kira Ga Matan Kasuwar Filinge Da Ƙasar Kurfai

Duk wadda ta taɓa shiga kasuwar Filinge ranar Lahadi da hantsi ta san cewa layin 'yan atamfa ba ya rabo da cunkoso. Mata daga Shikal da Tukunus har Bonkuku, wasu da cuku, wasu da kuka da busasshiyar kuɓewa, wasu da tabarmi, da zarar ciniki ya ɗan kankama sai ka ga ƙafa ta ja su wajen zannuwa, ana ɗagawa ana tayawa. Wannan ba abin zargi ba ne, domin ado da tsabta suna cikin mutuncin mace, kuma mai saye ya fi son tsayawa gaban tiren mai tsabta. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda muke ganin 'yan uwanmu mata na cire kuɗi daga cikin uwar jari suna sayen zanen da ba zai kai Sallah biyu ba, alhali kuwa iyayenmu da kakanninmu sun ɗauki zane a matsayin dukiya, kamar akuya ko tunkiya, abin da ake ajiyewa domin ranar buƙata.

Yadda zane ya yi tsada

Manya daga cikinmu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, aka wayi gari duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya tashi. Daga lokacin ne atamfar Holan, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond, ta fara fin ƙarfin mata da yawa. Masaƙarmu ta Yamai, SONITEXTIL, wadda aka sayar wa 'yan kasuwa a 1997 ta koma ENITEX, ta sha wahalar gogayya da kaya masu araha daga Asiya. Haka ma a Najeriya, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe ƙofa a 2007. Sai kasuwa ta cika da atamfar ƙasar Sin, wadda a cikinta akwai mai kyau, akwai kuma wadda wanki ɗaya ke tona mata asiri.

Bayan haka sai matsalar hanya. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kayan Kantin Kwari na Kano suka yi wuyar samu. A ƙarshen Yulin 2023 kuma ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasarmu takunkumi, hanyar Kwatano zuwa Gaya ta toshe, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso. Kafin turmi ya iso Babbar Kasuwar Yamai, sannan ya yi tafiyar kimanin kilomita 180 ta Balayara zuwa Filinge, kowane hannu ya ɗora nasa. Ga kuma matsalar tsaro da ta rage wa kasuwannin jahar Tilaberi armashi a shekarun nan. Saboda haka duk zanen da ya shigo hannunki, 'yar uwa, da gumi ya shigo.

Anko mai cin jari

Babu abin da ke cinye jarin mace a ɓoye kamar anko. Da kaka ta yi, ko azumi ya ƙarato, sai bukukuwa su jeru, kowace uwar biki ta fitar da nata zane, wadda ba ta saya ba a ce ba ta da zumunci. Bari mu yi lissafi na misali. Mu ɗauka turmin anko jika 6 ne, ɗinki jika 3, jika 9 ke nan. Idan biki 6 suka same ki a shekara, jika 54 sun tafi. Mai tuyar ƙosai ko mai sayar da kayan miya ta tambayi kanta, kasuwa nawa za ta ci kafin ta mayar da wannan kuɗi? Abin takaicin ma shi ne galibi zane mai araha ake zaɓa domin kowa ya iya saye, bayan biki kuma a ji nauyin sa shi saboda rabin unguwa na da irinsa.

Ba muna cewa a bar haɗa kai ba ne. Zanen 13 ga Mayu da ake fitarwa domin ranar matan Nijar yana tuna mana da zanga-zangar da mata suka yi a Yamai a 1991, suna neman a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Wannan anko ne mai ma'ana, kuma sau ɗaya ne a shekara. Na biki kuwa ana iya sassauta shi. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro daga jahar Maraɗi a 1991, wuri ne da ya dace a zauna a yi magana, a amince cewa kallabi ko mayafi iri ɗaya ya wadatar, ko kuma a tsayar da zane ɗaya mai kyau da za a riƙa sawa a duk bukukuwan ƙungiya na shekara. Idan shawara ta fito daga taro, babu wadda za a yi wa gori. Kuma mu riƙe doka guda: kada a ci bashi saboda anko, kada a taɓa uwar kuɗi. Ado daga riba yake fita.

Kafin ki biya kuɗi

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Turmi ɗaya mai nagarta ya fi uku masu zuba. To, ta yaya za a gane? Da farko ki juya zanen ki dubi bayansa. Atamfa ta ainihi launinta ya ratsa, ciki da waje kusan ɗaya ne, wadda aka buga a fuska ɗaya kuwa bayanta fari-fari yake. Kada ki dogara da takarda ko rubutun bakin zane kaɗai, domin masu kwaikwayo su ma suna buga su. Na biyu, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a gefe, in ya ɗauko launi sosai, to zanen zai zuba. Na uku, ki murza gefen a hannu. Wani zanen gam ne ya cika shi, ya yi ƙarau kamar takarda, ranar da ya ga ruwa sai ya koma kamar matankaɗi. Na huɗu, in mai kaya ya yarda, ki zare zare ɗaya ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi ƙwallo mai tauri. A ƙarshe a auna a gabanki, turmi yadi 6 ne, wato zane uku.

Shadda ma hawa-hawa ce. Mai tsada irin ta Getzner daga ƙasar Ostiriya take zuwa, kuma ƙyallinta a jikin saƙar yake, ba ya tafiya da wanki. Idan ƙarfinki bai kai ba, babu kunya a sayen matsakaiciya da saninki. Asara ita ce ki biya kuɗin babba a ba ki ƙarama.

Kayan kasuwa daban, na biki daban

Mace mai sana'a tana buƙatar ta raba akwatinta gida biyu. Kayan kasuwa su zama na auduga, domin a watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma yadin roba yana riƙe gumi ya kawo ƙuraje. Mai sayar da mai, ko kifi, ko tuya, ta zaɓi zane mai duhu mai ƙananan fure, wanda ba ya nuna tabo, ta kuma ɗaura tsohon zane a sama lokacin aiki. Hannun riga kada ya yi faɗin da zai riƙa shiga cikin kaya. A sa tela ya yi aljihu mai zik daga ciki, ko a koma ga lalitar iyayenmu, domin ƙulla kuɗi a bakin zane yana yaga zanen, yana kuma nuna wa ɓarawo hanya.

Akwai gargaɗi na musamman ga masu zama gaban wuta. Dogon hijabi ko mayafi na roba, idan ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata, ƙunar ta yi muni. Mai tuyar ƙosai da mai waina su nemi na auduga, gajere, su kuma soke shi kafin su sunkuya kan kasko.

Kayan fita kuwa ba sai sun yi yawa ba. Shadda ɗaya mai kyau, atamfa biyu ko uku, da mayafai biyu masu launi ɗaya tak da za su shiga da kowanne, sun isa su fitar da mace kunya shekara da shekaru. Sauya ɗaurin kallabi kaɗai yana sabunta tsohon kaya.

A wajen tela

Kada ki jira sai Sallah ta rage kwana 5 ki kai ɗinki, lokacin da tela ke kwana kan keke, domin a nan ake ɓata yadi. Ki gaya masa ya bar rara a cikin ɗinki, saboda jikin mace yana sauyawa da ciki da goyo. Ki karɓi ƙyallayenki, za su yi amfani ranar faci ko rigar yarinya. Sannan ki yi hattara da yayi. Ɗinkin da aka yanka zane gunduwa-gunduwa, in yayinsa ya wuce shi ke nan, amma riga da zane ko bubu ba sa tsufa. Dabarar tsofaffi ita ce a bar zane ɗaya cikin ukun ba a yanka ba, a yi masa kalmasa kawai, ya yi ɗauri, ya yi goyo, ya yi lulluɓi.

Wanki da shanya

Yawancin zannuwanmu ba sawa ke kashe su ba, wanki ne. A nan Dallol Bosso ruwa ba shi da nisa, amma wasu rijiyoyin ruwansu na da zartsi, sabulu ba ya kumfa sosai a ciki, sai a yi ta ƙarawa ana dirza har launi ya mutu. Kayan fita a nema musu ruwa mai daɗi, da damina kuma a tari ruwan sama, babu kamarsa wajen wanki. A wanke sabon zane shi kaɗai da ruwan sanyi da sabulu mai sauƙi. Kada a jiƙa atamfa ta kwana a cikin garin sabulu, kada ruwan jabel ya kusance ta, wannan na fararen kaya ne. A ɗauraye sosai, a juya baibai, a shanya a inuwa, da ta bushe a kwashe. Ranar Filinge ba ta wasa da launi, kuma shanya a kan darni ko ƙaya tana jan zare.

Shadda ba ta son cuɗa da murɗa. A tsoma, a ɗan matsa a hankali, a sa mata gam, in ta sha iska a kai wa masu bugu su dawo mata da ƙyalli. Tabon mai a barbaɗa masa hoda ko garin alli ya tsotse kafin a sa sabulu. Tabon goro da na jini a wanke nan take da ruwan sanyi, domin ruwan zafi kama su yake. Mai guga da dutsen gawayi ta goge ta baibai, ta shimfiɗa siririn ƙyalle a kan aikin surfani, ta kuma lura da tartsatsi. Haka wajen turara kaya, a rage garwashin kasko, kada ƙamshi ya jawo huji.

Akwati ma yana son kulawa

Kada a ninke kayan da aka sa a mayar akwati ba a wanke ba, ko da sau ɗaya aka sa, domin gumi da maiƙo su ke kiran ƙwari, su kuma bar tabo rawaya. Kayan da za su daɗe a ajiye kada a sa musu sitaci sai an tashi sawa, shi ma abincin ƙwari ne. A ɗora akwati a kan duwatsu ko bulo, a janye shi daga jikin bango saboda gara da danshin damina. Na ƙarfe a shimfiɗa masa tsohon zane a ciki saboda tsatsa. Kada a ƙulle zane a leda, tana riƙe danshi ya yi fumfuna. Busasshen ganyen dogon yaro a cikin ƙyalle yana taimakawa wajen korar ƙwari. Mai amfani da ƙwallayen kafur kuwa ta sani guba ne, yaro na iya ɗauka alewa ce, kuma ba a sa su cikin kayan jarirai. Da damina ta ɗauke, wajen Oktoba, a fito da komai ya sha iska a inuwa, a sake ninki ta wani layi daban, domin a kan layin ninki zane ke fara tsagewa.

Muna kira ga amare musamman, kada a kwashe akwatin lefe gaba ɗaya a kai wa tela cikin wata guda. Turmin da ba a yanka ba yana riƙe darajarsa. Da yawa daga cikinmu mun ga iyayenmu sun fitar da irin wannan turmi a shekarar fari, ko ranar da ciwo ya kwantar da yaro, sun sayar sun rufa wa kansu asiri, wasu kuma da shi suka tayar da jarin da ya karye.

Don haka 'yan uwa, ranar Lahadi mai zuwa kafin ki nufi layin 'yan atamfa, ki fara buɗe akwatinki ki ga abin da kike da shi, ki ware ribarki daga uwar kuɗi, sannan ki saya da natsuwa. Allah Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Kurfai da ƙasa baki ɗaya, amin.