Abin da Ke Sa Kwamfuta Ta Ɗauke Ana Tsaka da Aiki

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta baki ɗaya a 2015, masu shagunan buga takardu daga Funtua zuwa Maska suka san musibar shuɗin allo mai tsayar da kwamfuta ana tsaka da aiki, wadda galibi sanadinta ɗayan biyu ne: ko wani sashe na jikin na'urar ya samu naƙasa, ko kuwa manhajar direba, mai yin tafinta tsakanin Windows da kayan aiki irin su firinta, ta gurɓace.

Mai basira yakan fara da zahiri, ya buɗe murfi, ya hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka har zafi ya tsananta, ya zare RAM ya goge bakinta ya mayar, sa'an nan ya tuhumi janareta, domin hawa da saukar wutarsa kan halaka kayan ciki. In kuwa na'urar ta natsu cikin Safe Mode, inda Windows ke tashi da direbobi kaɗan kawai, to, akasari alhakin yana wuyan direba, sai a koma wa tsohon samfurinsa. Wannan babi na manhaja ba abin rainawa ba ne, domin ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawa guda ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya.