Rubutaccen Umarni ko Batirin Ajiya: Wanne Ke Hana Kwamfuta Mutuwa a Birnin Kano?

Duk wanda abincinsa ke fitowa daga kwamfuta a cikin birnin Kano ya san takaicin da ke kama mutum idan allo ya yi baƙi ana tsakiyar aiki. Mai shagon buga takardu a Ƙofar Mata, da mai tsara katin ɗaurin aure a Mandawari, da matashin da ke haɗa bidiyon biki a Yakasai, da ɗan kasuwar Kurmi da ya mayar da lissafin kayansa cikin na'ura, duk kukansu ɗaya ne: kwamfuta ta mutu, aikin da ba a adana ba ya tafi, ga mai kaya a zaune yana jira. Lokacin rajistar JAMB abin ya fi ciwo, domin yaro ya bi layi tun safe, an kusa gama cike masa bayanai, sai a ce a koma farko.

Magani biyu aka fi kawowa. Samarin da suka ƙware a harkar manhaja sukan ce a rubuta wa kwamfutar ɗan umarni da zai riƙa aiki da kansa, ya hana ta barci, ya hana ta kashe kanta. Masu gyara da masu wayarin kuwa sukan ce a sayi UPS ko inbata da batir a huta. Ya dace a ɗora su a sikeli, domin mutane da yawa suna zuba kuɗi ko lokaci a kan maganin da ba na cutarsu ba.

Mutuwar kwamfuta iri uku ce

Ta farko ita ce wadda kwamfutar ke yi da niyya: ta yi barci don an daɗe ba a taɓa ta ba, ko ta kashe kanta ta sake tashi bayan Windows ta sauke sababbin gyare-gyare, ko wata manhaja ta umarce ta da rufewa. Ta biyu ita ce ɗaukewar wuta ko rauninta. Ta uku kuwa zafi ne, domin idan ƙwaƙwalwar na'ura ta ɗau zafi fiye da kima, takan yanke aiki don kada ta ƙone.

Ba sai an yi ta hasashe ba wajen gane wace ce ta faru. Windows tana rubuta tarihin kowace rufewa a wani sashe mai suna Event Viewer. Lamba 1074 tana nufin wani mutum ko wata manhaja ce ta nemi a rufe, har da sunan manhajar. Lamba 41 da 6008 suna nufin na'urar ta mutu ba shiri, wanda a nan garin galibi wuta ce ko zafi. Wanda ya duba wannan kafin ya taɓa aljihunsa ya yi wa kansa gata.

Ƙarfin umarni da iyakarsa

Rubutaccen umarni 'yan layuka ne da ake ajiyewa a fayil, a ɗora shi a Task Scheduler ya riƙa tashi da kansa duk sanda aka kunna na'ura. Mafi sauƙi shi ne shutdown /a, wanda ke soke rufewar da aka sa wa lokaci, muddin lokacin bai cika ba. Akwai powercfg /change standby-timeout-ac 0, wanda ke hana kwamfuta barci matuƙar tana jone da wuta. Waɗanda suka fi nisa sukan yi amfani da AutoHotkey, manhajar kyauta da Chris Mallett ya fitar a 2003, su rubuta abin da zai zauna yana sauraron saƙon da Windows ke aika wa dukkan manhajoji kafin ta rufe, ya amsa mata da cewa a dakata. Tun daga Windows Vista, manhaja tana iya nuna dalilinta na neman jinkiri a kan allo. Kamfanin Microsoft ma yana da Awake a cikin PowerToys, masu Apple suna da caffeinate, masu Linux suna da systemd-inhibit.

Falalar wannan hanya a fili take. Ba ta cin ko kwabo, ba ta cin wuri a shago, kuma tana magance matsala ta gaskiya. Microsoft tana fitar da gyare-gyarenta a Talata ta biyu ta kowane wata, abin da ke isowa Kano da yammacin ranar, kwamfuta kuma ta fi son sake tashi cikin dare, daidai lokacin da mai haɗa bidiyo ya bar ta tana sarrafa aikin awa huɗu ko biyar ya tafi gida. Ya dawo da safe ya tarar an share komai, alhali wuta ba ta ɗauke ba. Wannan mutumin ko ya cika shago da batir ba zai tsira ba. Abin da yake buƙata umarni ne, ko ma saiti kawai, domin Windows tana ba da damar ware har awa 18 a rana da ba za ta sake tashi a cikinsu ba, tana kuma yarda a dakatar da gyare-gyare har mako biyar.

Amma umarnin roƙo yake yi, ba shi da ikon tilastawa. Idan rufewar ta dole ce, Windows tana tsallake shi. Babbar iyakarsa kuwa ita ce yana zaune ne a cikin na'urar da yake karewa, don haka da an ɗauke wuta tare za su mutu. Babu layin da mutum zai rubuta, komai gwanintarsa, da zai maye gurbin lantarki.

Yana kuma da haɗari idan aka wuce gona da iri. Wanda ya toshe gyare-gyaren tsaro gaba ɗaya ya bar ƙofa a buɗe. A watan Mayu na 2017 muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da maganin kafar tun watan Maris, waɗanda ba su saka ba su ne suka faɗa. Kwamfutar da ba ta barci tana kuma iya zama da allonta a buɗe, ga ta cike da lambobin NIN da BVN da hotunan mutanen da suka ba da amana. Laftof ɗin da aka hana kwanciya idan batirinsa ya yi ƙasa zai ci gaba har ya mutu farat ɗaya, a rasa aikin da ake son cetowa. Sannan ga masu kwaso umarni daga zaurukan WhatsApp su saka ba tare da sun san abin da ke ciki ba, wanda hakan miƙa mukullin shago ne ga baƙon da ba a taɓa gani ba.

Ƙarfin batir da tsadarsa

Wanda zai yi maganar batir sai ya fara da halin wutar garin. Daga NEPA aka koma PHCN a 2005, a watan Nuwamba na 2013 kuma rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun KEDCO. Yanzu an kasa masu shan wuta rukuni-rukuni. Rukunin A, wanda aka ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, an yi masa alkawarin awa 20 a rana, na B awa 16, na C awa 12, na D awa 8, na E kuma awa 4. Ko a rukunin da ya fi kowane gata akwai awa huɗu na duhu, kwamfutar tebur kuwa ƙiftawar wuta ta daƙiƙa ɗaya ta isa ta kashe ta. A watan Oktoba na 2024 kuma, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu, Kano da yawancin Arewa sun yi sama da mako guda ba wuta. Janareta, wanda a da shi ne madogara, ya zama kaya mai nauyi tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Ko ga mai halin sayen man ma akwai tazara tsakanin ɗaukewar wuta da jan igiyar inji, a wannan tazarar aiki ke salwanta.

Wannan giɓin shi UPS ke cikewa. Akwati ne mai ɗan batir a ciki, yawanci mai bolt 12, wanda ke karɓar nauyin cikin ƙiftawa kafin kwamfuta ta ji an ɗauke. Ƙaramin da aka saba gani yakan riƙe kwamfutar tebur ɗaya na kimanin minti goma zuwa sha biyar. Ba a yi shi don a ci gaba da aiki ba, an yi shi ne don a adana abin da ke hannu, a tada inji ko a rufe cikin tsari. Yawancinsu suna kuma rage illar hawa da saukar wuta.

Mai son awoyi sai inbata. Lissafin ba wuya: batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da ƙarfin wat 2,400 na awa guda, idan kuma irin na dalma ne rabi kawai ya kamata a sha don ya yi ƙarko. Wannan rabin, bayan an cire ɗan abin da inbatar kanta ke ci, zai riƙe kwamfutar tebur mai jan wat 150 na kusan awa bakwai, laftof mai jan wat 50 kuwa ya kusan kwana ya wuni. Idan aka haɗa da farantin sola, ranar Kano ta wadatar. A nan ne ake ganin darajar laftof, domin shi da batirinsa yake zuwa. Matsalar ita ce yawancin na hannu da ake saye batirinsu ya riga ya gaji, sauya shi kuwa ya fi sayen UPS ko inbata sauƙi.

Illar batir ta farko kuɗi ne, kuma ba sau ɗaya ake biya ba. Batirin dalma an auna rayuwarsa ne a yanayin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri takwas zuwa goma yana rage ta da kusan rabi. A shagon langa-langa cikin watan Afrilu, sanda zafin Kano ke haura digiri 40, batirin da ya kamata ya shekara huɗu ba zai kai ko kusa ba. Mafi muni shi ne UPS ɗin da batirinsa ya mutu mai shi bai sani ba, yana ganin fitila a kunne yana zaton yana da kariya. Akwai jabun batir a kasuwa. Akwai masu jona injin fotokwafi ko firinta mai lesa a jikin ƙaramin UPS, waɗanda ke jan wuta da ƙarfi har su kashe shi. Batir mai ruwa kuma yana buƙatar iska, shagunan cikin lungu kuwa ƙanana ne. Bayan duk wannan, batir ba ya hana Windows sake tashi cikin dare, ba ya hana ta barci.

Abin da ya fi ƙarfin su biyun

Zafi ba ya jin umarni, ba ya jin batir. Ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta daga Disamba zuwa Fabrairu, sai bazara ta zo ta tarar da ita a shaƙe. Maganin wannan shi ne a buɗe ta a hure da bulowa, a ɗaga ta daga ƙasa, a bar mata sarari ta sha iska, a sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta. Mutuwar da zafi ke jawowa kariya ce, wanda ya nemi hanyar toshe ta na'urarsa zai ƙona.

Inda suke haɗuwa

Idan aka yi awo da adalci, za a ga kowanne da fagensa. Umarni yana hana mutuwar da kwamfuta ta zaɓa, batir yana hana wadda aka tilasta mata. Amfaninsu mafi girma kuwa yana fitowa ne idan suka yi aiki tare. Yawancin UPS masu kyau suna da kafar USB. Idan aka jona, Windows tana ganin akwatin kamar batirin laftof, ko a saka manhaja irin PowerChute ko Network UPS Tools. Daga nan sai a tsara cewa idan wuta ta ɗauke, batir ya sauka zuwa wani mataki, kwamfuta ta adana komai ta kwanta da kanta ko babu kowa a shago. A kuma rage tazarar adanawar Word daga minti goma zuwa biyu. Ke nan umarnin da ya fi amfani ga mutumin Kano shi ne wanda ya san lokacin da ya kamata kwamfuta ta rufe lafiya, ya kuma riƙe ta a farke iya tsawon aikin da aka ba ta, da ta gama ya sake ta.

Idan dole ne a zaɓi ɗaya a cikin ganuwar Kano, batir ne a gaba, domin ɗaukewar wuta ita ce abin da muke fama da shi kullum, ita ce kuma ke lalata fayil da faifan ajiya. Umarni yana biye, a matsayin kammalawa mai araha ga masu dogon aiki. Ina kira ga masu shaguna su duba tarihin na'urarsu kafin su sayi komai, su gwada UPS ɗinsu duk wata ta hanyar zare shi daga bango, kada kuma su saka umarnin da ba su karanta ba. Masu gyara kuma su ji tsoron Allah su faɗa wa mai kaya ainihin cutar na'urarsa, ko da maganin na kyauta ne.