Gargaɗi: Kada A Kwana Da Garwashi A Ɗaki

Wannan gargaɗi ne ga magidanta da matan gida, da malaman tsangaya, da masu gadi, da ɗalibai, da duk wanda ke sayen gawayi ko kwal domin ɗumama ɗaki a wannan hunturu. Kada a rufe ƙofa da taga a kan garwashi. Kada a kwanta barci da kasko ko kurfoti mai wuta a cikin ɗaki, ko da na awa ɗaya ne. Garwashin da ya yi jajir, ba hayaƙi ba ƙauri, yana iya kashe duk mutanen ɗakin kafin kiran assalatu.

Daga Disamba zuwa Janairu sanyin dare a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram yakan sauka ƙasa da digiri 15, a Jos da tsaunin Mambila da Agadas kuwa abin ya fi haka tsanani. Tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da dama kan gawayi. Uwargida ta gama tuwon dare, ga sauran garwashi a kurfoti, ga yara suna rawar ɗari. Sai ta ga asara ce a zuba masa ruwa, ta ɗauka ta kai ɗaki, ta saki labule, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Tausayin ’ya’yanta ne ya sa ta yin haka, amma ta nan ne gida guda kan tafi a dare ɗaya.

Yadda gubar take kisa

Duk lokacin da gawayi ko kwal ko itace ke ci a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Idan ta shiga huhu sai ta wuce cikin jini ta kama gurbin da ke ɗaukar iskar oksijin, kuma ƙarfin kamunta ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Mutum yana ta numfashi, amma ƙwaƙwalwarsa da zuciyarsa ba sa samun abin da suke bukata. Wanda ke farke zai ji ciwon kai da jiri. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa, ko ya farka ya tarar ƙafafunsa sun kasa kai shi bakin ƙofa.

Akwai maganganun da ake faɗa a gidajenmu waɗanda ya zama dole a bar su, domin suna jawo asarar rai. Wasu kan ce a bari gawayin ya ruru a waje, in hayaƙin ya ƙare sai a shigo da shi. Hayaƙi ne kawai ya ƙare, gubar tana nan tana fita muddin garwashin na ci. Wasu kan rufe shi da toka wai don ya kai safiya. Toka na hana shi samun iska ne, wanda hakan ke sa ya ci gaba da tsiyayar da guba a hankali har gari ya waye. Barbaɗa gishiri a kai, ko ajiye kwanon ruwa a gefe, ko sa takunkumi a hanci, babu ɗaya da ke tare ta. ’Yar kafar da aka bari a taga ma ba abin dogaro ba ce ga mai barci.

Alamomin da ba a jira a kansu

Ciwon kai mai sara, jiri, tashin zuciya, amai, kasala, bugun zuciya da sauri, ruɗewa, da barci mai nauyi da ba a saba ba. Da yake sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro ko na mura, mutum kan sha farasitamol ya ƙara jan bargo. A lura da abu biyu. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, ko kuma ciwon na sauƙi da an fita waje ya dawo da an koma ciki, to a zargi garwashi tun kafin a zargi komai. An sha samun iyali a sume a ce aljanu ne, ko sammu, ko an zuba musu wani abu a miya, a ɓata lokaci wajen hayaƙi da tofi a cikin ɗakin da ke kashe su.

Haɗarin ya fi yawa ga jarirai, da mata masu ciki, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya ko asma ko sikila ko ƙarancin jini. Ɗan da ke ciki yana iya cutuwa ko da uwar ba ta ji komai sosai ba. Ina roƙon iyayenmu mata da ke kula da masu jego su ji wannan da kyau: ɗakin jego da aka toshe ko’ina aka sa wa garwashi a ƙarƙashin gado, tarko ne ga uwa da jinjiri. Haka kaskon turaren wuta, a turara ɗaki a fitar da shi, kada ya kwana. Haka ɗakin mai gadi, da zauren almajirai, da shagon da yara ke kwana bayan an ja ƙofar ƙarfe. Janareto ma wannan gubar yake fitarwa, don haka ba a kunna shi a ɗaki ko a soro ko a bakin taga.

Wajen saye

Ku sayi gawayi busasshe wanda ya ƙone sosai, mara nauyi, mai ƙara idan an buga shi da ɗan’uwansa. Ku duba tsakiyar buhu, domin wasu kan dora manya a sama su cika ƙasa da gari da ɗanyen itace. Jiƙaƙƙe da wanda bai gama ƙonewa ba sun fi hayaƙi. Kada a hura shi da leda ko roba ko tsohon silifa, ballantana fetur. Amma fa a sani, duk kyan gawayi bai sa ya dace da rufaffen ɗaki ba. Duk mai sayarwar da ya ce nasa ba ya hayaƙi, don haka a kwana da shi ba komai, kada a saurare shi.

Kwal na ƙasa, wanda ake haƙowa, ya fi gawayin itace daɗewa, shi ya sa yake jan hankalin mai neman sauƙi. An gano shi a yankin Inugu tun 1909, ana haƙarsa a Maiganga ta jihar Gwambe, a Nijar kuma a Anu Araren da ke jihar Agadas, inda ake sarrafa wani kaso domin girki don a rage sare itatuwa. Manufar tana da kyau, amma wurin amfaninsa fili ne ko madafa mai iska. Ɗanyensa na fitar da hayaƙin farar wuta mai shaƙe ƙirji, ban da waccan guba mara wari. Ƙasashen da ke ɗumama gida da shi suna amfani da murhun ƙarfe rufaffe mai bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi, ɗakunanmu kuwa ba su da wannan. Su ma ɗin sun ɗanɗana kuɗarsu. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan, mutum kusan 4,000 suka mutu cikin ’yan kwanaki, abin da ya kai Birtaniya ga kafa dokar tsaftace iska a 1956. A 2019 Mongoliya ta hana ƙona ɗanyen kwal a babban birninta, ta kawo curarren kwal mara hayaƙi sosai, amma a sanyin shekarar aka samu mutanen da gubarsa ta kashe a gidajensu. Ban da kisan dare ɗaya, akwai na sannu a hankali: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Idan abin ya faru

A buɗe ƙofa da tagogi nan take. Mai ceto ya ja numfashi a waje, ya shiga ya fito da mutane fili, kada ya tsaya dube-dube a ciki. A fitar da garwashin a kashe shi. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja ko rubutu ko ruwa, domin zai iya wucewa huhu. Idan numfashi ya tsaya, a fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri har taimako ya zo. A kira 112 a Nijeriya, ko 18 a Nijar, ko a nemi kowace irin mota a nufi asibiti.

A asibiti a faɗa wa likita ƙarara cewa akwai garwashi a ɗakin. Wannan bayani na da muhimmanci, domin ’yar na’urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna oksijin ya cika alhali jinin cike yake da guba. Maganin shi ne oksijin zalla. Da iskar waje kaɗai sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya fita, da oksijin kuwa abin bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Ko wanda ya farfaɗo ya ce ya warware, a kai shi, musamman mai ciki da yaro, domin mantuwa da ruɗewa na iya biyo baya bayan kwanaki ko makonni.

Yadda za a ji ɗumi ba tare da haɗari ba

A ji ɗumin wuta a tsakar gida, a kashe ta da ruwa ko ƙasa kafin a shiga. A sa wa yara rigar sanyi da hula da safa, a shimfiɗa tabarma ko kwali a ƙarƙashin katifa don kada sanyin siminti ya ratsa. A zuba ruwan ɗumi a gora, a rufe da kyau, a naɗe da zane a sa cikin bargon babba. Jariri kuwa jikin uwarsa ya fi masa komai. Kunu ko shayi mai zafi kafin kwanciya na taimakawa. Mai hali ya sayi ’yar na’ura mai batir da ke kuwwa idan ta ji wannan guba.

Addini ma ya riga ya yi mana wannan horo. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a kwanta.

Limamai su faɗa a huɗuba da bayan sallar magariba, fastoci su faɗa a coci, masu unguwanni su sa a yi shela, masu sayar da gawayi su gaya wa duk wanda ya zo saye. Kai kuma maigida, kafin ka kwanta yau, zagaya ɗakunan gidanka ɗaya bayan ɗaya, har da na mai gadi da na tsohuwa, ka tabbata babu garwashi a ciki. Ka kuma leƙa wa maƙwabcinka ka gaya masa. Allah Ya tsare mu da iyalanmu.