Kurakuran finafinan yaƙi da masu ɗaukar fim a matsayin tarihi

Ba a ɗaukar fim bi da bi yadda ake kallonsa. Fitowar minti ɗaya na iya cin kwanaki, daga baya mai tacewa ya harhaɗa guntayen, kuma a wurin haɗin ne kuskure yake ɓuya.

Casablanca, wanda Michael Curtiz ya ba da umarninsa a 1942, ya isa misali. A tashar jirgin ƙasa ta Paris, Humphrey Bogart yana tsaye ruwan sama na dukansa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, har tawadar wasiƙar da ke hannunsa tana narkewa. Yana taka jirgi sai ga riga a bushe ƙayau. Jirgin saman da ake gani a ƙarshe ƙaramin kwaikwayo ne, aka zagaye shi da gajerun mutane don ya yi girma a ido, aka lulluɓe wurin da hazo. Labarin na Maroko ne, amma a Kalifoniya aka ɗauke shi. Takardun izinin wucewa da kowa ke neman kashe kansa a kansu kuwa ƙirƙirar marubuta ce.

Abin takaicin shi ne, a majalisun shayi na unguwannin Nima da Maamobi har yau ana kafa hujja da fim kamar littafin tarihi, wai ai an gani da ido. An ga me? A The Great Escape na 1963, Steve McQueen ya yi gudun tsira a kan babur ƙirar Triumph ta shekarun 1960, wanda aka shafa wa fenti don ya yi kama da na sojan Jamus. A ainihin tserewar ta Maris 1944, wadda aka gina fim ɗin a kanta, babu babur ko ɗaya. Fursunoni 76 suka fita ta rami, 3 kacal suka kuɓuta ba a sake kama su ba, aka harbe 50. Mafi muni, yanzu guntun fim ko wasan kwamfuta kan zagaya WhatsApp da sunan yaƙin da ake yi yau, har dattawa su tura.

Gane irin wannan ba ya bukatar boko mai zurfi. A tsayar da bidiyon, a maimaita. A duba tufafi da rauni: tabon da ke kuncin dama ya koma hagu? A duba inuwa da agogon bango, da ruwan kofi ko ya ƙaru bayan an kurɓa, da ƙirar mota ko ta dace da zamanin. A kuma tambayi inda mai kamara yake tsaye. Idan yana gaban bindiga, hoto bai ko girgiza ba, kiɗa na tashi daga ƙasa, to shiri ne, kada a tura wa kowa.